Takardarki a Aljihuna Ranar Jarrabawa

Zuwa ga sanyin idona, Autar Mama, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata a ranar ƙishi,

Ni da nake jera siraran wayoyi takwas a bakin kebul ɗin kwamfuta ko gezau, yau biro ya gagare ni.

Kin tuna safiyar jarrabawar ƙungiyarmu ta ma'aikatan kwamfuta, wadda na shekara biyu ina yi wa karatu don samun shaidar ƙwarewa? Kika tare ni a gindin matakalar ofis, kika danƙa mini 'yar takarda ruwan hoda a ninke, kika sa na rantse babu idon da zai gan ta sai nawa. Sau uku na karanta ta a mota, na sa ta a aljihun gaba, saitin zuciyata. A ƙofar ɗakin jarrabawa na ajiye waya da agogo da makullai, yadda doka ta ce. Taki kuwa, wallahi ban ɗauke ta a matsayin takarda ba, shi ya sa na shige da ita.

A tambaya ta arba'in kaina ya ɗaure. Sai hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya zaro ta rabi, na ga gefen rubutunki, na mayar. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, amma kyamarar da ke saman allon kwamfutar ta ɗauka. Ina ruwanta da soyayya?

Jiya wasiƙar ƙungiyar ta iso. An riƙe sakamakona, kuma ranar Laraba zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa bisa zargin satar amsa. Idan suka tabbatar, shekara biyar ba ni ba jarrabawa, a soke sunana daga rajista, babu kamfanin da zai ƙara bari in taɓa masa ko filogi. Da wane baki zan tura magabatana gidanku?

Mafita ɗaya ce, in miƙa musu takardar su ga ba amsa ba ce a ciki, tunda hoton ya nuna launinta da yagaggen gefenta sarai. Amma mutum biyar ne a teburin kwamitin, na tsakiyarsu kuma Yayanki ne, maigidana, wanda ya koya mini riƙe sukudireba, wanda har yau bai san da komai tsakaninmu ba. Ya san rubutunki kamar yunwar cikinsa. A bainar jama'a zai karanta sunan da kika kira ni da shi a layi na biyu, magatakarda yana rubutawa, sannan ya dawo gida ya same ki.

Tsoro nake ji, hasken raina, ba zan ɓoye miki ba. Gaba kura, baya siyaki! Ina tsoron sunan ɓarawo, ina tsoron idon Yaya, amma na fi tsoron ki ce na sayar da sirrinki don in tsira.

Ba zan buɗe ta ba sai da izininki. Idan kin yarda, ki aiko mini da kalma ɗaya kafin Laraba. Idan kin yi shiru, ni ma zan tsaya gabansu in yi shiru, su rubuta abin da suka ga dama. Jarrabawa ana sake zama bayan shekara biyar, rantsuwar da na yi miki kuwa sau ɗaya na yi ta.

Tana nan a aljihuna, a ninke yadda kika ba ni.

Naki har ƙasa ta rufe idona, da shaida ko babu,
Mai Kebul ɗinki