Littafin da Kuka Ƙwace a Hannun Hauwa'u

Zuwa ga Hajiya Shugabar makarantar sakandaren 'yan mata da ɗiyata ke karatu, Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya fama da yara? Ni ce mahaifiyar Hauwa'u 'yar aji biyar, wadda kika kora gida ranar Litinin. Ungozoma ce ni, 'yar asalin Kwatarkwashi. Sau uku ina zuwa ofishinki ana cewa kina taro, shi ya sa na rubuto a fili, don wallahi na kasa zama.

Na farko, laifinta. An kama ta da littafin rubutu mai yawo a ƙarƙashin bencinta. Duk yarinyar da wani abu na jikinta ya dame ta sai ta rubuta tambaya, ba suna, kuma da hannun hagu don kada a gane rubutunta. Wasu su amsa, su ma da hagu. Hauwa'u kaɗai ta rubuta da hannun dama, shi ya sa aka gane ta. Ita a ganinta ba abin ɓoyo ta yi ba.

Na biyu, ranki ya daɗe, kin karanta shi kuwa? Ni na karanta, don takan kawo shi gida ran Juma'a. Wata ta tambaya ko zama inda namiji ya tashi na sa ciki. Aka amsa mata da i! Wata ta ga jini karon farko, aka ce aikin aljanu ne, ta yi hayaƙi. Wata aka ce ta sha kanwa mai yawa don al'ada ta zo da wuri, wai a waya aka gani. Haba! Duk gyaran da ɗiyata ta rubuta daga bakina ya fito. In batsa ce, ni za ki kora.

Na uku, a darasi an tsallake musu babin haihuwa, malamin ya ce su karanta a gida. Wane gidan? Mu iyaye kunya ta rufe mana baki. Ni kaina sai da na ga littafin nan na fara magana da tawa. Amma kika tsayar da ita gaban 'yan makaranta duka, aka kira ta marar tarbiyya. Hakan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Na huɗu, shi ne ya hana ni sakat. Hauwa'u ba jarrabawa take wa kuka ba. A shafin ƙarshe wata ta rubuta cewa sati uku ke nan jini bai tsaya mata ba, jiri take gani, kuma tana tsoron faɗa wa innarta. Na ba da amsa: asibiti, yau yau. Kafin Hauwa'u ta rubuta amsar aka ƙwace littafin. Ba mu san wace ce ba.

Don haka ina roƙo a mayar da ɗiyata aji, a wanke ta a inda aka kunyata ta, a kuma samo malama mace da yaran za su iya tambaya. Amma kafin komai, don Allah buɗe aljihun teburinki ki duba shafin nan, ki shiga ajin su Hauwa'u da kanki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya shirya mana su baki ɗaya. Yau Alhamis, Hajiya, yarinyar nan tana zaune cikin ajinki tana jiran amsa.

Wassalam.
Innar Hauwa'u, Gusau.