Takardun da Na Cakuɗa Miki

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fata Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Inna tana nan, gwiwa ce dai ke damunta. Gero ya yi kyau bana a Balan, na Gafasa kuwa mijinki ya ce ruwa ya ɗauke masa da wuri.

Kin ga da boko nake rubuta miki. Ni ɗin nan dai, Habu, wanda bai taɓa zama a benci ba sai gaban allo. A takardunki na koya, baƙi-baƙi, bayan ba kya nan. Da kin ga yadda nake bi da yatsa da kin yi dariya har kin ƙware.

Kin tuna hasken waya yana sa miki ciwon ido, shi ya sa kike kai labaran da ake turo miki shagon masu kwamfuta a Gaya su buga miki a takarda. Falle-falle suke, ba ɗinki, ba lambar shafi. Ki ɗaure kowane da zare, kamar yadda nake ɗaure Alƙur'anina na rubutun hannu kafin in sa shi a gafaka.

Guda uku kika zo da su hutun nan da kika yi a gida. Akwai na ɗan sandan da ke neman wanda ya kashe wani attajiri, akwai na mutanen da jirgi ya kai wata duniya mai rana biyu, sai na soyayya, wanda kike karantawa ƙasa-ƙasa idan Inna ta gifta. Bayan la'asar kike karanta mana muna ɓarar gyaɗa. Ni kuma aikina tsokana: ina tambayarki a duniyar can mai rana biyu da wacce ake shan ruwa da azumi.

Ranar da kika tafi gaisuwar mutuwa maƙwabta na kwance zaren duka ukun, na cakuɗa su sarai, na raba uku, na mayar da ɗauri. Washegari kika fara karatu. Ɗan sanda ya buɗe ƙofar ɗakin mamaci, kika juya falle, sai ga shi ana ce masa iskar jirgi ta kusa ƙarewa. Kika sake juyawa, wata tana kuka wai bai kira ta ba. Inna ta ce wannan ɗan sanda ya ga ta kansa. Na faɗi ƙasa ina birgima.

Kin yi dariya, ban manta ba. Amma da kika duba kika ga har ƙasa haka suke, sai kika ajiye su. Abin da kika ce kawai: “Habu, saura kaɗan fa in san wanda ya kashe shi.”

Na bugi ƙirji na ce kafin magariba na gyara. Wallahi ba cika baki nake ba. A wurinmu, ko iska ta watsa Alƙur'ani ba ma damuwa, domin marubuci yana ajiye kalma ɗaya a gindin kowane falle, ita ce farkon na gaba. Ka bi ta kawai. Na ɗauka duk takarda haka take. Na juya naki sama da ƙasa, gindin kowane fari fat.

Kika ce in bari, za ki zauna ki tsince su da kanki. Kwana uku tsakani zazzaɓi ya kwantar da ke.

A asibiti kika tambaye ni ko na gano mai kisan. Na gyara murya na ce direban attajirin ne, har da yadda aka kama shi a tasha. Kika dube ni da idon nan da ya faɗa, kika ce: “Maƙaryacin banza, direban ai tun a farko ya mutu.”

Yaya, ranar kowa ya nemi gafararki. Inna ta nema, mijinki ya nema, har matar da kuke faɗa da ita kan kaji. Da aka zo kaina sai bakina ya ce ki warke mana mu tafi duniya mai rana biyu, ko shanyarki ta dinga bushewa da wuri. Abin da na faɗa ke nan. Na fita ina cewa gobe ma rana ce, zan faɗa idan mutane sun ragu.

Wayarki tana wurin mijinki, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Mai shagon Gaya ya ce ba ya ajiye abin da ya buga. Inna kuma, kafin in farga, ta hura wuta da wasu fallayen. Ban ga laifinta ba. Wa ya fara ɓata su?

Damina biyu ke nan ina tsinta. Na mutanen jirgi ya fi sauƙi, duk inda na ga tauraro na san nasu ne. Sauran biyun kuwa kowane da Aisha a ciki, kowace kuma kuka take yi. Shekaranjiya na sami fallen da ɗan sanda ya nuna mai laifi. Wai Sabo. Na bi duk abin da ya rage a hannuna, babu Sabo ko sau ɗaya. Ban san ɗa ne ba, ko maƙwabci, ko mai gadi. Ke da kin ji sunan za ki ce kin sani tun tuni. Ni ga shi a hannuna, bai amfane ni da komai ba.

Na tambayi Inna ko kin ambace ni daga ƙarshe. Ta ce kin ce kin yafe wa kowa. Na ce da sunana? Ta ce kowa ai kowa ne. Malam ma haka ya ce, ya ce in yawaita miki addu'a in daina wahalar da kaina. Ina yi. Amma na san ki: idan kin yafe mini abu sai kin ja kunnena tukuna, wannan karon kuwa ba ki ja ba.

Allah ya jiƙan ki, Yayata. Ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi, ya sa abin da kika sha na ciwo ya zama kankarar zunubi. Idan ya haɗa mu, kafin ki ce komai ni zan fara magana, kuma ba wasa a ciki.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Habu