Piyanon Kakarki da Alkawarin Gwiwa

Montréal, 4 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Maude,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da maigidanki Étienne. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa Vancouver ta ci gaba da karɓar ku. Mu nan lafiya, in ban da kawunki Gaétan da yatsunsa biyu ke naɗe, kuma ya daina yi mini magana. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga aji shida malamai suka sallame ni suna murna.

Ki zauna tukuna, zancen piyanon da kakarki ta bar miki ne. Tun watan Maris mamanki ke cewa in kama motar ɗaga kaya, tunda ran ɗaya ga Yuli rabin garin nan ke tashi gida, ko baro ba ya samuwa. Ta ce ta taga aka shigo da shi. Na rantse ta matakala ne, ai ina wurin. Ina wurin kam, amma yanzu na tuna a shagon da ke kwanar layin nake ranar ina cin abinci. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ran ɗaya ga watan, ƙarfe sha ɗaya, muka fito da shi daga gidan kakarki a hawa na uku, motar sabbin 'yan haya tana ƙasa, matar mai suna Madam Célestin tana ta duba agogo. Wanda ya fara yi wa gidajen garin nan matakalar ƙarfe ta waje, yana murɗa ta don a samu fili a ɗaki, na tabbata bai taɓa mallakar piyano ba. A lanƙwasar da ke tsakanin hawa na uku da na biyu piyanon ya cije. Gaétan yana ƙasa ya tokare da kafaɗa, ni ina sama igiya tana cin tafin hannuna. Sai ƙarfen ya yi ƙara, ƙusa guda ta fita daga bango, muka ji faɗuwarta a kan titi. Mamanki ta kori mutane daga ƙarƙashi. Kawunki ya ɗago ido, ya ce a hankali, "Mijin yaya, in ka saki, kai za ka je ka gaya wa Lise da bakinka." Wato matarsa. Hannuna kuwa ya fara mutuwa.

Abu ɗaya na riƙe daga makaranta: mutumin da ya kafa garin nan ya yi alkawarin in kogi bai cinye su ba zai ɗauki gicciye har kan dutse, kuma ya ɗauka. Ni da rabona da coci tun baftismarki, sai na ji bakina yana cewa da ƙarfi, in Gaétan ya fita da ransa zan hau matakala casa'in da tara na cocin Saint-Joseph da gwiwa, kamar yadda tsofaffi ke yi.

Madam Célestin ta daina duba agogo. Ta tura mijinta da ƙannensa biyu da igiyoyin ɗaure kaya na motarsu, suka bi ta gidan tsoho Bélanger na hawa na biyu, suka ɗaure piyanon suka jawo shi barandarsa. Wajen jan ne ya danne yatsun kawunki. Piyanonki yana nan lafiya, sai ƙarzuwa a gefe, amma yana falon Bélanger har Agusta, lokacin da motar za ta samu. Tsohon ya ce ba komai, yana ɗora rediyonsa a kai.

Mamanki ba ta tayar da zancen motar ba, da ma zagina ta yi. Saura alkawarin. Na gwada cewa cikin ruɗewa na faɗa, ta ce dukan layin shaida ne. Kin san gwiwoyin nan, shekara talatin suna shimfiɗa tayil. Jiya Lise ta kawo saƙon Gaétan, na farko tun ranar: Lahadi zai zo ya tsaya a gefe ya ƙirga, in na tsallake ɗaya mu koma ƙasa. Alkawari kaya ne, 'yata.

Ki gaida Étienne da mahaifiyarsa Madam Fortin. Mamanki da Lise suna gaishe ki. Ran Lahadi da hantsi ki sa gwiwoyina a addu'a.

Mahaifinki,
Réjean