Gaju Ba 'Yar Birni Ba Ce

Kitemuzi, 4 ga Maris

Ɗana Lubwama,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikokina. Ya Gulu, ya aiki? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ɓacin rai.

Kai, ka ji abin da ya same ni? Jiya wani mutum mai takalmi sai ƙyalli ya tsaya a bakin garken Gaju yana toshe hanci, ya miƙo min takarda. Wai an shigar da Kitemuzi ƙarƙashin hukumar birni, kuma ba a kiwon saniya a birni. Kwana talatin suka ba ni in fitar da ita, ko su zo da mota su ɗauke ta. Na ce masa, bawan Allah, yaushe na koma birni ban sani ba?

Ni fa tun da ubanka ya kawo ni gidan nan ban gusa ko taku ɗaya ba. Da muna gundumar Mpigi. Muka wayi gari aka ce 'yan Wakiso ne mu. Can kuma aka ce mun zama ƙaramin gari. Yanzu birni! Kampala ce ke rarrafowa har bakin murhuna. Taɓon dai shi ne, in an yi ruwa ko mai boda, ɗan acaɓa, ba ya yarda ya shigo.

Gaju jikar saniyar da ubanka ya bari ce, madarar kakarta ce ta raine ka. Kai ne mai boko, ka rubuta musu.

Allah ya tsare.
Uwarka, Nabbosa

Gulu, 9 ga Maris

Zuwa ga Maama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na karanta saƙonki da natsuwa. Ina roƙon ki kwantar da hankali, domin doka ce, kuma shiga birni ci gaba ne. Za a kawo kwalta da ruwan famfo, filinmu zai ƙara daraja.

Shawarata ita ce a sayar da Gaju. Shekarunki sun wuce yankan ciyawa, kuma akwai madarar leda a kanti. Don Allah kada ki je ofis ki ɗaga murya.

Ɗanki mai biyayya,
Lubwama

Kitemuzi, 17 ga Maris

Lubwama,

Gaisuwa, tunda dole ce. Madarar leda! Ka sha kai kaɗai.

Na je ofis, kuma na ɗaga murya. Ofis uku na shiga, kowa ya ce ba nan ba ne, gaba. A na ukun na zauna a benci na ce ba inda za ni sai an gaya min wanda ya kirawo birni gidana. Wata dattijuwa mai tabarau ta ce, "Maama, ai masu filayen ne suka roƙa." Ta ɗauko takardar roƙon. Na huɗu a layi, sa hannunka ne, mai wutsiyar nan kamar ta ɓera. Ko a duhu na san shi.

Ashe da Kirsimeti, da na dafa maka matoke, tuwon ayaba, da miyar gyaɗa ka suɗe kwano, ka ce bari ka je gaida shugaban ƙauye, abin da ka je yi ke nan? Ka dawo har kana shafa kan Gaju!

Matar ta ga ina neman yin kuka, sai ta janyo taswira. Ta ce iyakar birni ta bi ƙoramar bayan gidanmu ce, tsohuwar iyaka ce tun zamanin Mpigi. Gida yana birni. Gonarmu ta ayaba da ke tsallaken ƙoramar, inda ubanka yake kwance, tana nan a karkara. Ka ga ubanka ma bai zama ɗan birni ba.

Ka gaida yara, su ba ruwansu.
Nabbosa

Gulu, 20 ga Maris

Maama,

Ina gaishe ki cikin kunya. Na yi kuskure da ban gaya miki ba. Nufina in gina miki ɗakunan haya ki huta, wallahi ban san dokar za ta taɓa Gaju ba.

Amma ko an kai Gaju gonar tsallake, yaya za ki riƙa haye ƙorama safe da yamma da wannan gwiwar? Babu gada. Ki sake tunani, ki yafe min.

Ɗanki,
Lubwama

Gonar Ayaba, 2 ga Afrilu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Gaskiyarka, gwiwa ba za ta iya ba. Shi ya sa na haye sau ɗaya. Matan cocinmu sun taya ni kafa ɗaki kusa da ubanka, Gaju tana gefe tana cin ɓawon ayaba. Mai takalmin ya zo jiya da mota, ya tsaya a ɗaya gaɓar yana duba takardarsa. Na ɗaga masa kofin shayi, ya juya.

Makullin gidan birni yana wajen maƙwabciya Nansamba, naka ne, ka gina abin da kake so. Na yafe maka. In za ka zo, ka naɗe wando, ruwan ya kai gwiwa. Kuma kada ka je gaida shugaban ƙauyen nan sai tare da ni.

Uwarka,
Nabbosa