Sirdin Babanmu Yana Gumi

Assalamu alaikum Baba Mati. Don Allah ka agaza mini kafin Juma'a, ranar da yayana Audi ya rantse zai ƙone sirdin marigayi mahaifinmu.

Shekara talatin Babanmu yana shafa wa sirdin nan man kaɗe da tafin hannunsa. Da ya rasu bara, dokinsa da sirdin suka faɗo rabona. Da bazara ta kankama na ga fatar ta bushe, wani makanike a Mai'adua ya ce baƙin mai ya fi komai, ni kuma da ƙaramin sani na labta masa har yana ɗiga.

Tun daga nan, da rana ta take sai sirdin ya fara gumi, daidai inda Baba yake zama, ɗakin ya cika da ƙamshinsa. Yakan yi ƙara kamar mutum ya hau, alhali yana rataye. Igiyar likkafa da na tsawaita ta koma gajeriya, Baba kuwa gajere ne. Dokin in ya sansana sirdin sai ya juya ƙofa yana haniniya. Innarmu Shatu ta koma wuni a ɗakin tana hira ita kaɗai. Audi ya ce shirka ce ke neman shigo mana, Inna ta ce sai dai a ƙone su tare. Wallahi tsoro nake ji, kuma ba na son rabuwa da shi.

Ɗan Marigayi, daga garin Babban Mutum

Wa alaikumus salam. Wanda ya tafi ya tafi, ɗana, ka kwantar da hankalinka. Fata tana riƙe mai shekara da shekaru. Baƙin man nan ne da zafin rana suke koro man kaɗen da ta sha, shi ne gumin, shi ne ƙamshin. Busasshiyar fata kuma takan yi ƙara ta tsuke, doki kuwa da hanci yake gane mai shi.

Abin tsoron na gaske shi ne ɗinkin, domin baƙin mai cin zare yake yi. Kada ka hau sai baduku ya duba igiyar likkafa da majayi, wato ɗamarar cikin doki. Goge sirdin da tsumma mai ɗan danshi, ya sha iska a inuwa, ka maimaita har tsumman ya daina baƙi. Sannan man kaɗe kaɗan da ɗan kakin zuma, a murza sosai. Ka guji man gyaɗa, ɓera yake kira.

Audi yana da gaskiya da yake tsoron shirka, amma ƙone dukiya ɓarna ce, kuma ba zai ƙone kewar da ke damun Inna ba. Ku riƙa zama da ita a ɗakin. Ka miƙa mata man ta shafa da hannunta, ita ta san yadda mijinta yake yi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.