Biron da Hannuna Ya Yarda da Shi

Kazaure,
3 ga Agusta.

Zuwa ga mai ɗakina Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin sauka Roni lafiya. Yaya jikin 'yarmu Khadijat, yaya kwanan jariri, yaya hidimar jego? Ki gaishe mini da mijinta Mu'azzam. Ni ma ina nan ƙalau, alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin launi uku a wasiƙa ɗaya, biro nake gwadawa. Na zazzage gwangwanin nan na kan taga na tarar da guda goma sha ɗaya, har da jan da nake duba jarrabawa da shi ina hedimasta. Ya bushe, amma na kasa yar da shi.

Shekara shida ke nan da ciwon nan ya tafi da jin kunnenki, ban taɓa tsayawa zaɓen abin rubutu ba. Duk wanda hannuna ya kai kansa, shi ne bakina. Da shi nake tambayarki inda kika ajiye hulata, da shi nake kawo miki labarin ƙofar masallaci, da shi muke saɓawa mu shirya. Ke ki yi magana, ni in rubuta. Yanzu so nake in tsayar da guda ɗaya na kullum, kafin ki gama kwana arba'in ɗinki ki dawo.

Bayan la'asar nakan taka zuwa bakin dam. Duwatsu sun yi kore shar, ruwa ya kawo har gindin bishiyar da muke zama muna ango da amarya. Jiya na ga masunci a kan gora can tsakiya, ko motsi ba ya yi, kamar barci ya ɗauke shi a kan ruwan. Na daɗe ina kallonsa ina tuna yadda a da kike jiyo ƙarar kekena tun daga kan kwana, ki ɗora ruwan shayi.

Lauwali direba zai miƙa miki wannan a hanyarsa ta Gwiwa. Ki huta lafiya.

Naki,
Muhammadu Lawal.

Kazaure,
14 ga Agusta.

Zuwa ga Zulaiha,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jego da yaron. Saƙonki na kuka da daddawa ya iso, Allah ya saka da alheri. Kin tambayi dalilin da wasiƙata ta zo a takarda biyu alhali maganar ba ta kai ɗaya ba. Zan faɗa miki gaskiya.

Ba sha'awa ce ta sa ni zaɓen biro ba. Hannuna na dama ne yake rawa. Tun kafin azumi ya fara, kaɗan-kaɗan, na riƙa ɓoye shi cikin aljihun riga idan kina kusa. Waccan wasiƙar kwana uku na yi ina rubuta ta, sau huɗu ina yagawa. Na je asibiti, likita ya ba ni magani, ya ce zai rage amma kada in sa ran zai tafi gaba ɗaya. Ban ji tsoron ciwon ba sai da na fito. A cikin Keke Napep na tuna cewa ranar da hannun nan ya ƙi, ba ni da wata hanyar yi miki magana. Za mu zauna tabarma ɗaya, ke kina faɗa, ni ina kallonki kawai.

Na gwada alƙalamin tawadar da malamai suka ba ni ranar da na ajiye aiki. Kyakkyawa ne, amma da hannuna ya girgiza sai ya feshe takardar. Siraran biron nan zamewa suke yi. Fensir ya fi biyayya, sai dai na san idonki ba ya son rubutu maras duhu. Na gwada hagu, abin ya fito kamar sawun kaji a rairayi.

Shekaranjiya barcin rana ya ɗauke ni a zaure, ana yayyafi. Na yi mafarki muna tafiya a gonar mahaifinki, gero ya fi mu tsawo, kina gaba ina baya. Na kira sunanki a hankali, sai kika waiwayo. Iyakar mafarkin ke nan. Da na farka na ƙi buɗe ido na ɗan lokaci, ko zai ci gaba.

Kada ki gaya wa Khadijat, jego take yi. Aminina Baba Kura ya aiko in same shi Babura ranar kasuwa, wai yana da dabara. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Muhammadu Lawal.

Kazaure,
25 ga Agusta.

Zuwa ga Zulaiha, abokiyar zamana,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku duka, ina fata zazzaɓin da kika ce yaron ya yi ya sauka. Dubi rubutun nan da kyau. A zama ɗaya na yi shi.

Na je Babura. Baba Kura ya bar rumfar hatsinsa ya ja ni har layin dukawa, wurin wani dattijo da yake ɗinka kube da layu. Ya karɓi biro shuɗi, irin wanda ɗaliban firamare suke taunar marfinsa, ya zura shi cikin guntun bututun ƙarfe, ya naɗe da jar fata ya ɗinke. Sau uku yana kwancewa yana ƙara fata, yana sa ni in riƙe in ja layi. Ya ce mahaifinsa ma haka ya yi wa basillarsa da tsufa ya zo. Biron ya yi kauri kamar rake, ga nauyi, kuma nauyin ne yake kwantar da hannun. Rawar ba ta tafi ba, amma harafi yana tsayawa da ƙafarsa. Idan tawadar ta ƙare sai in zare in sa wani. Na zaɓa, Zulaiha. Shi ne na kullum. Ƙanshin jima yake yi, duk takardar ta ɗauka, ki sunsuna ki ji.

Da na dawo na tarar Lauwali ya bar amsarki wurin maƙwabta. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida, na kasa shiga. Kin ce tun kafin azumi kika gani, ranar da shayi ya zube mini a riga. Kin ce shi ya sa kika koma yi mini tambayoyin da amsarsu ba ta wuce gyaɗa kai ba, don kada in wahala, kika haƙura da hirar da kika fi so. Ni kuwa ina zaton gajiya kika yi da surutuna. Wata shida ina ɓoye miki hannu, ke kina ɓoye mini cewa kin gani, a ɗaki ɗaya.

Layinki na ƙarshe na haddace shi: “Malam, ko layi ɗaya za ka yi a yini, ni ba inda za ni. Ranar da hannun ya ƙi, ka riƙe nawa, zan gane.”

Ba zan iya jiran arba'in ba. Jibi in Allah ya yarda zan biyo Lauwali in zo in ga jikana, in kwana biyu. Na sayi sabon littafi mai shafi tamanin. Ki tanadi tambayoyinki, dogaye, waɗanda kika adana tun azumi. Zan amsa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Ki gaida Khadijat da Mu'azzam. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Muhammadu Lawal.