Wata Talatin da Huɗu a Silin Gashi

Litinin, 6 ga Maris

Sakamakon gwajin jini ya fito. Wai kitse ya yi yawa a jinina. Ni! Ni Mal-sun da ko kallon gasasshen naman alade ba na yi, ni da nake tsame maiƙo daga miya da cokali tun ina amarya. Na ce wa yarinyar asibitin unguwa ta duba da kyau, ƙila jinin wata suka liƙa wa sunana. Ta ce, “Mama, me kike yawan ci?” Na ce shinkafa, kimchi (kabejin nan namu mai tsami da yaji), ganye, sai dombegi. Dombegi kuwa duk garinmu Yeongcheon an sani, tsokar kifin shak ce zalla da gishiri, ba ƙaya, ba kitse ko ɗigo. Sai na ga ta ajiye biro. Wai ranar Talata ta sama wata likita za ta zo daga jami'a, in daure in zo.

Ƙwayar da suka ba ni tana bayan gwangwanin shayi. Can za ta zauna.

Alhamis, 9 ga Maris

Yau jesa ta kakar maigida, wato hidimar tunawa da ranar rasuwarta. Tun safe ina tsaye, ƙafa ta kumbura. Na jera wa kakanni teburinsu kamar kullum, dombegi tsinke uku manya, kan kifi gabas, wutsiya yamma. Tun da maigidana Man-seok ya rasu ƙaninsa Du-cheol ke jan gaba wajen rusunawa, sai wani kumbura yake yi, sanƙonsa na ƙyalli a gaban kyandir.

Da aka zo cin albarka kowa ya ɗan tsakura ya ture. Jikoki wai gishiri. Saura ya koma firji, wato ya koma cikina. Abin da kakanni suka taɓa ba a zubarwa, haka surukata ta gaya mini ranar da na shigo gidan nan. Ita ke cinyewa, da ta rasu na gada. Sau goma sha ɗaya a shekara, kowanne ya kai ni kwana goma. Ban taɓa lissafawa ba sai yau da yarinyar nan ta ajiye biro.

Talata, 14 ga Maris

Dakta Pyo sunanta, ba ta girmi 'yata Hye-ran ba. Ta ce akwai zaiba a jinina, ya ninka na yawancin mutane. Na ce wace zaiba? Ta ce ruwan azurfan nan na cikin tsinken auna zazzaɓi. Tabɗi! Na tuna ina ƙarama na fasa ɗaya, ƙwayoyin suka dinga gudu a daɓe, in na sa yatsa su rabu su sake haɗewa. Wai irin wannan ne a jikina.

Na ce ai ban taɓa sha ba. Sai ta ɗauko takarda tana zana mini. Ana ƙona gawayin dutse don wutar lantarki a wata ƙasa, hayaƙi ya hau sama da shi. Ruwan sama ya sauko da shi teku. Wasu halittu da ido ba ya gani su sha, ƙananan kifi su cinye su, manya su cinye ƙanana, shak ya cinye kowa. Shi kuma ba ya fitarwa, tarawa yake yi shekara da shekaru. “Daga shi sai wa, Mama?” in ji ta. Ni da ban taɓa shiga teku ya wuce gwiwata ba, ashe ni ce ƙarshen layi.

Na ce to me ya haɗa wannan da kitse? Ta ce an auna dubban manya a ƙasar nan, an ga waɗanda zaibarsu ta yi sama sun fi yawan samun kitse a jini. “Tare ake ganinsu. Ko ɗaya ke jawo ɗaya, ba zan yi miki ƙarya in ce mun tabbatar ba. Shi muke nema.” Na ji daɗin wannan maganar. Likitan da zai ce bai sani ba, ban taɓa gani ba.

Sai ta tsura wa ƙeyata ido, ta ce in kwance gashina. Duk sa'o'ina sun aske sun nannaɗe kamar tumaki, ni kaɗai na rage da ɗauri da tsinken azurfa, har a kasuwa suna ce mini hoton kalanda. Ta auna, ta ce santimita talatin da huɗu. Wai gashi santimita ɗaya yake yi a wata, kuma abin da ke jini a watan yana shiga ya zauna, ba ya motsi har abada. “Mama, wata talatin da huɗu kike ɗaure da su a ka.” Ta yanki ɗan kaɗan daga tushe a ƙeya, ta ɗaure da zare, ta riƙe shi da hannu biyu.

A bas na kasa daina taɓa kaina.

Laraba, 15 ga Maris

Na buɗe firji, na rufe. Na buɗe, na rufe. Da rana na ci. Mahaifiyar surukina ce fa.

Juma'a, 17 ga Maris

Kasuwa. Na gaya wa Tak mai dombegi, shekara talatin da takwas a wajenta nake saye. Ta kafa wuƙa a katako ta ce, “Ke hoton kalanda, so kike ki kashe mini kasuwa? In azurfa ce a jikinki ai sai mu narkar da ke mu yi cokali!” Muka yi ta dariya. Da zan tafi ta riƙo hannun rigata, ta yi ƙasa da murya: “Ni fa ba na ci sai sau biyu a shekara. Wa ya ce ki mai da shi tuwo?”

Na tsaya na kalli gundumen da ke kan katakonta, ja-ja-ja, faɗinsa ya kai tire. Wannan dabbar ta zaga inda ba zan taɓa zuwa ba. Shekara nawa ina yanka ta ban taɓa tunanin ta yi rayuwa ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Hye-ran ta kai ƙarata wajen kawunta, bakinta ba ya riƙe komai. Ga Du-cheol da sassafe. “Matar Yaya, me nake ji? Tebur ba dombegi ai ba tebur ba ne a gidanmu na Ha. Kaka ta ci har ta kai casa'in da biyu!” Na ce Kaka mutum ashirin ke raba tsinke uku a zamaninta, yanzu ni kaɗai ce ashirin ɗin. Na ce in yana so ya kwashi saura ya kai gida. Wai matarsa ba ta son warin. Ka ji fa! Al'ada tasa, ciki nawa.

Amma da ya ce jesa ta Yaya saura kusan wata biyu, kuma na san yadda Yaya ke son abin nan, sai maganar ta shige ni. Man-seok har da shayi ma yake cinsa. In na daina, wa zai ci masa? In ban daina ba kuma...

Laraba, 19 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Dakta Pyo ta yanyanka gashin gutsi talatin da huɗu, ta auna kowanne, ta fito da takarda mai layi yana hawa yana sauka kamar duwatsun bayan gari. Ta ce hawan ya ba ta mamaki, ba ta gane dalilin tsarinsa ba. Na sa tabarau. Kai! Ban san lokacin da na ce mata matsa ba.

Na ce wannan tudun bikin girbi ne, ga na kakan maigida ya hau kansa kwana tara baya. Wannan dogon kuwa sanyi ne: surukina, surukata, sabuwar shekara, a jere. Nan da ya ɗan sauka damina ce, ba wanda ya mutu da damina a gidan Ha, sun san ana aikin gona. Na ciro littafin ranakun kakanni daga jaka muka ɗora a gefe. Ya hau daidai, shekara uku, ba kuskure. Mutanen da wasunsu ban taɓa gani ba, sun mutu kafin a haife ni, ga su kowa da tudunsa a gashina. Tsigar jikina ta tashi. Ita ma ta rufe baki da hannu.

Sai ta nuna wani kwari mai zurfi wajen ƙarshen gashin, ta ce, “Nan fa? Wata uku yana ta gangarowa.” Na ƙirga da yatsa. Maris, Afrilu, Mayu, shekara biyu baya. Asibitin Daegu. Jijiyar zuciyar Man-seok ta toshe, na kwana wata uku a benci kusa da gadonsa, kunun shinkafa kawai ke shiga. Jesa uku suka wuce ba ni nan. Ban taɓa gaya wa kowa yadda watannin nan suka kasance ba, ko a nan ban rubuta ba. Ashe an rubuta.

Bayan kwarin, can bakin gashi, saura gutsi goma. Wata goma yana da rai, muna zaune a tebur ɗaya, yana miƙo mini tsoka da tsinkensa yana cewa ci mana, ke kika wahala.

Na tambaye ta abin da ya tokare ni tun watan jiya. Na ce shi ma haka ya ci, daga hannuna. Ni na toshe masa? Ta ce ba wanda zai iya sani, ya sha taba, ga shekaru, ga gado, kuma ba ta yarda a ɗora wa abu ɗaya ba. “Nasa ba zan iya aunawa ba, Mama. Naki ne a gabana, kuma naki yana iya sauka. Ga shaida, ya taɓa sauka.” Ta ɗora yatsa a kwarin.

Na yi kuka a gaban sa'ar 'yar cikina, ban ji kunya ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Na sha ƙwayar. Don Hye-ran ta bar ni in huta da waya ne kawai.

Asabar, 6 ga Mayu

Ruwa tun safe. Na zauna a baranda ina kallonsa yana sauka daga rufi, ya bi lambatu, ya nufi kogi. Daga ina ya taso, me ya ɗauko? Wata mata a wata ƙasa ta kunna fitila, ba ta san ni ba, shekara ashirin baya ƙila, ga shi ya biyo sama da teku da cikin kifi ya zo ya kwanta a ƙeyata. Ina tsoro, amma ba tsoro kaɗai ba ne. Da ina ganin duniyata daga kicin ce zuwa kasuwa.

Miya ta ƙone ina wannan zaman.

Litinin, 22 ga Mayu

Ba a ɗora biyu a teburin kakanni, sai ɗaya, ko uku, ko biyar. Da ana ɗora biyu da na lallaɓa na rage ba wanda ya lura. Daga uku sai ɗaya, kowa zai gani.

Na ce wa Tak tsinke ɗaya, ƙarami. Ta kalle ni, ta kalli wuƙa, ba ta yi tsiya ba. Ta zaɓo wajen da ya fi kyau, kusa da baya. “Na Man-seok ne ko? Da yana zuwa da kansa nan yake nunawa.”

Laraba, 24 ga Mayu

Jesa ta maigida, da yamma. Mu bakwai.

Du-cheol na shigowa idonsa ya faɗa kan farantin. “Matar Yaya, sauran biyun suna wuta ne?” Na ce babu saura. Ya fara: a gaban Yaya, shekara biyu kacal, mutane za su ce... Na ɗauko takardar Dakta na shimfiɗa a ƙasa gaban tebur, na ce zo ka gaida iyayenka. Na nuna masa babansa, na nuna masa innarsa. Na nuna kwarin, na ce nan ne kake kawo mini kunu a fulas. Na nuna tudun bayansa, na ce wannan sabuwar shekarar ƙarshe ce, ranar da kuka yi faɗa da yayanka a kan kati.

Ya durƙusa ya daɗe. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya dawo. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, sai cewa ya yi, “Ni ma za a iya duba nawa?” Na kalli sanƙon nan na ce kai ai naka littafin tuni iska ta tafi da shi. Hye-ran ta fashe da dariya a gaban hoton ubanta, har ni. Da Man-seok na nan da ya fi kowa.

Aka rusuna, aka zuba masa giyar shinkafa, aka fita aka ja ƙofa don ya ci a natse. Da aka zo cin albarka na yanka tsinken nan gida bakwai, na bi kowa na sa masa a kwano, har jikoki. Na ce yau ba mai ture wa wani. Du-cheol ya fara haɗiye nasa. Nawa bai fi kan yatsa ba. Na daɗe ina taunawa.

Alhamis, 25 ga Mayu

Na buɗe firji da safe, ba komai a shiryayyen tsakiya. Shekara talatin da takwas ban ga wurin nan fayau washegarin jesa ba. Na tsaya ina jiran in ji na yi laifi. Yunwa kawai na ji. Na ci shinkafa da ganye, na sha ƙwaya, na taka har gada na dawo.

Ban ce na bar dombegi ba, kada wani ya ce na ce.

Da nake taje kai yatsana ya faɗa inda Dakta ta yanka. Ya tsiro, tsaye cirko-cirko, bai fi gaɓar yatsa ba, ya ƙi shiga ɗauri. Ba wanda ya san abin da ke cikinsa tukuna. Ta ce sai ya yi kusan shekara uku kafin ya kamo 'yan'uwansa.

To. Zan jira shi.